Na Ɓoye Cikina Ranar Feshin Sauro

Assalamu alaikum Anti Haulatu. Don girman Allah ki taimake ni. Kwana goma sha ɗaya ke nan ba ni da natsuwa, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gidanmu.

Ina zaune a wani ƙauye kusa da Baure. Shekarata uku da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba, sai bana Allah ya dube ni. Cikin ya kai wata huɗu. Maigidana kaɗai ya sani, shi kuma fataucin dabbobi yake yi, yana Kudu tun bayan Sallah. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, Inna, da ƙanwarsa Ikilima. Kin san cikin fari, da wane baki zan faɗa wa surukata? Ga tsoron bakin mutane. Sai na riƙa zumbula hijabi ina aikina kamar kowa.

Ran wata Talata masu feshin maganin sauro suka zo, dama mai unguwa ya sa an yi shela a masallaci. Da mace a cikinsu, ita ta fara shigowa. Ta ce mu fitar da abinci da ruwa da shimfiɗu, kada kowa ya shiga ɗaki sai bayan awa biyu. Sannan ta tambaya ko akwai mai juna biyu a gidan. Anti, a gaban Inna ta yi tambayar. Na sunkuyar da kai, ta wuce.

Ba su yi rabin awa da tafiya ba hadari ya haɗo daga gabas, ga garin geronmu da katifu zube a tsakar gida. Inna ta ce in zauna, ita da Ikilima za su kwashe. Ni kuma na ga in na zauna tsohuwa tana ɗaukar kaya, ai na tona wa kaina asiri. Na riga su shiga ɗakin da kaya. Bangon da aka fesa bai bushe ba, har kafaɗata ta goga. Na jera kaya, na share matattun kyankyasai na kwashe da hannu, da ruwa ya sauko na rufe taga ina ciki.

Kafin la'asar kaina na sara, idona na yaji, na yi amai sau biyu. Maƙwabciyarmu Lami ta ba ni manja cokali uku, wai yana kashe dafi. Washegari na warware. Amma a bakinta na ji wai a Zango wata ta shaƙi irin maganin ta haifi yaro ba ya ji. Ita hira kawai take yi, ba ta san halin da nake ciki ba. Tun ranar ban sake kwana a ɗakina ba, a rumfa nake shimfiɗa tabarma, na ce musu zafi nake ji. Gidan sauron ma na ninke shi, don an ce da magani a jikinsa. Kuma har yau ban ji motsi ba. In ɗora hannu, shiru. Ban taɓa zuwa awo ba, don sai na nemi izinin Inna. Ita ba ta ce mini komai ba, sai dai ta karɓe daka daga hannuna, kullum da safe kuma ta aiko mini da kunun tsamiya.

Ina tsoro, Anti. Kunyata ce ta kashe shi? In wanke bangon? Me zan ce wa maigidana in ya dawo?

Taki,
Mai jiran motsi

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya abin da ke cikinki.

Rashin jin motsi a wata huɗu, a cikin fari, ba abin tashin hankali ba ne. Da yawa sai sun shiga na biyar. Shiga ɗakin kuskure ne, ba zan ɓoye miki ba, ciwon kai da aman da kika yi su ne shaida. Amma shaƙar yini ɗaya da ta sake ki washegari daban take da ta kullum. Ni ba zan iya duba ki ta takarda ba, don haka gobe, ba jibi ba, ki je awo. Ki faɗa musu ranar da abin ya faru da daɗewar da kika yi a ɗakin, su saurari bugun zuciyar ɗan cikin. In kika ga jini, ko ciwon mara, ko zazzaɓi, kada ki jira goben. Manja na miya ne. Labarin Zango kuwa, ita ma Lami ji ta yi.

Tabarmar nan ta fi komai tayar mini da hankali. Kin gudu daga bangon da ya bushe tuntuni, kin kai wa sauro kanki a tsakiyar damina, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin mai ciki, yana jawo ɓari, wannan ba jita-jita ba ce. Ki koma ɗakinki, ki buɗe taga, ki ɗaura gidan sauro. Kada ki wanke bangon, kada kuma a ƙara miki da fiya-fiya. Maigidanki gaskiya za ki faɗa masa, da katin awo a hannunki.

Ba na raina kunyarki, ni ma na ɓoye nawa na fari. Mai feshin ma da nata laifin, irin wannan tambaya gefe ake jan mace a yi mata. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Matar da ta ce ki zauna, ta karɓe taɓarya, take dama miki kunun tsamiya, kina zaton ba ta sani ba? Taya ki kunyar take yi. In bakinki ba zai iya ba, ki sa hijabinki ki tsaya ƙofar ɗakinta ki ce asibiti za ki. Ina kyautata zaton za ta riga ki sa takalmi.

Allah ya jiyar da ke motsin da kike jira, ya sauke ki lafiya.

Anti Haulatu