Sallahun Baba da Sallahun Dangin Miji

Anti Mairamu, don girman Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Yau kwana huɗu ke nan ina dafa abinci ina dangwarar wa maigidana a kan tebur, ko ci kanka ba na ce masa, kuma in na ce miki zuciyata ta sauka na yi ƙarya.

Ni malamar gona ce, muna zaune a Tumfure nan Gombe. Shekarata goma sha ɗaya ina yawo ƙauye-ƙauye ina koya wa manoma tazarar shuka da yadda za su raba masara da tsutsa. Bana Allah ya sa sunana ya fito cikin waɗanda za a tura ƙasar Meziko kwas na mako biyu a kan noman masara, a wani gari da ake kira Merida. Mu biyu ne daga wurin aikinmu, ni da abokiyar aikina Lois. A duk kwanakin nan rana ɗaya tal aka ba mu hutu, Asabar ta ƙarshe. A kan wannan Asabar ɗin gidana ke neman kamawa da wuta.

Mahaifina, Malam Hudu, yana Pantami. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da tarihi a sakandare kafin ya yi ritaya. Tun muna yara yake ba mu labarin wasu mutane da ake kira Maya, waɗanda suka gina birane na dutse a cikin kurmi tun Turawa ba su san hanyar ƙasarsu ba. Yakan jera kwalayen ashana a kan tabarma ya yi mana siffar wata dalar dutse da suka gina, ya ce matakala casa'in da ɗaya ce a kowane ɗaya daga gefe huɗun, in ka haɗa da dandamalin sama sai ka sami kwanakin shekara cif. Shi ya fara gaya min cewa masarar da muke tuwo da ita daga can yankin ta fito. Wallahi ba don kwalayen ashanar nan ba, da ban karanta aikin gona ba. Yanzu Baba ba ya gani. Hawan jinin ido ya cinye na dama shekara shida da suka wuce, na hagun ya bi shi bara waccan.

Na je na kai masa labarin tafiyar. Sai ya tambaye ni nisan garin da wani kufai mai suna Chichen Itza, inda dalar take. Na duba a waya na ce kamar awa biyu ne a mota. Ya ce to shi sallahunsa guda ne: shekara talatin yana gaya wa 'ya'yan mutane casa'in da ɗaya, a littafi ya gani ya haddace, bai taɓa samun wanda ya ƙirga masa ba. In je in ƙirgo. Na ce to, na yi masa alkawari da bakina.

Sai na hau bincike. Akwai masu kai baƙi yawon wuni ɗaya, kuma iri biyu na gani. Na masu hali ƙaramar mota ce, mutum shida, a isa da sanyin safiya kafin jama'a su cika, amma kuɗinsa ya ninka ɗayan har huɗu, ni kuwa ɗan guzirin da za a ba mu ba wani abin kirki ba ne. Mai arahar babbar bas ce, mutum arba'in da ɗan jagora ɗaya, ya yi Sifaniyanci ya juya ya yi Turanci. Da na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar sai raina ya fara ɓaci. Kuɗin shiga ƙofa ba ya ciki. Za a tsaya a shagon sayar da kayan sassaƙa. Za a tsaya a wani kogon ruwa a yi iyo, ni da ko a dam ɗin Dadin Kowa ban taɓa tsoma ƙafa ba. Abincin rana an ce yawanci da naman alade suke yi. Kufan da aka fito dominsa kuwa awa biyu kacal, da rana tsaka. Ni na san araha ba ta ado, amma ina zan yi sallar azahar, kuma awa biyu a cikin cinkoso za ta ishe ni abin da Baba ya aike ni?

Ina cikin wannan lissafin ne Baban Yusra, wato maigidana, ya ɓallo min ruwa. An yi suna a gidan yayarsa Adda Iklima a Hammadu Kafi, ni ban je da wuri ba, ina ƙauye. Kafin in iso ya riga ya shelanta wa dangi kaf cewa matarsa za ta ƙasar waje, kuma tana da rana guda ta shiga kasuwa, kowa ya faɗi abin da yake so. Anti, har da takarda! Ya zauna da biro yana rubutawa kamar mai karɓar gudummawar biki. Abaya bakwai. Turaren wuta. Takalman yara. Wata gwaggonsu da rabona da ita tun aurena ta ce sarƙar gwal mara nauyi. Ita kuwa Adda Iklima cewa ta yi tunda ɗanta zai yi aure bayan babbar salla, in haɗo leshi da akwatunan lefe, wai 'yan waje sun fi ƙarko. Su a wurinsu duk wanda ya hau jirgi Dubai ya tafi. Ina Meziko ina abaya? Ko taswira babu wanda ya duba a cikinsu, kuma babu wanda ya tambaye ni ko zan iya.

Da muka dawo gida na nuna masa tallar yawon, na gaya masa alkawarin da na yi wa Baba. Sai ya ce shi ba zai ji kunya a gaban 'yan uwansa ba saboda kallon kango. Ya ce wurin ma ai na masu bautar gumaka ne, me mace musulma za ta je nema. Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne da ya ce, in ma na je na ɗauko hotunan wurin, me makaho zai yi da hoto.

Makaho, Anti. Mutumin da ya ba shi ni ba tare da ya tsawwala masa komai ba. Mutumin da har gobe in ya ji muryarsa a zaure yake lalube ya gyara masa tabarma. Ni ma ban yi shiru ba, na ce danginsa kwaɗayayyu ne, da za a ce lahira zan tafi sai sun ba ni sallahu. Na san na faɗi ba daidai ba, amma ban janye ba.

Lois ta ce in share kowa mu hau bas ɗinmu. Ita ba a Hammadu Kafi za ta yi zumunci ba bayan an dawo. Ni kuma wani lokaci sai in ce ko in haƙura, tunda yawon ma na arahar ne, wataƙila in sha rana a banza in dawo ban ga komai ba, ga dangin miji sun ƙullace ni. Amma da na tuna Baba zaune yana jira sai in ji ba zan iya kallon fuskarsa in ce kasuwa na tafi ba. Saura kwana goma sha tara mu tashi. Ki gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Malamar Gona Mai Ɓacin Rai, Tumfure, Gombe.

AMSA

'Yar uwata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma fushinki yana da dalili. Amma ki sauke shi ƙasa tukuna, don mai fushi ba ya ƙirga matakala daidai.

A al'adarmu sallahu yana hawa kan wanda ya karɓa ne. Ke guda ɗaya kika karɓa, na mahaifinki, kika ce to da bakinki, kuma alkawari kaya ne. Takardar Hammadu Kafi ba ke kika rubuta ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, saboda haka Baban Yusra ne zai warware abin da ya ƙulla. Sai dai ki duba da kyau ki ga abin da ya sa shi ɗaukar biro. Mutumin da ya miƙe a taron suna yana shelar matarsa za ta ƙasar waje alfahari yake da ke, ya yi shi ne da garaje. Yanzu kunya ce ta kama shi, kuma namiji in kunya ta kama shi yakan ɗauko maganar gumaka da duk abin da hannunsa ya kai. In batun addinin yana damunsa da gaske, ku je wurin malamin da ya yarda da shi. Mun sha ji a wa'azi cewa duba kufan waɗanda suka shuɗe abin lura ne ga mai hankali, ke kuma ba bauta za ta kai ki ba. Ki tambayo hukuncin sallar matafiyi a zama ɗaya, ki huta da damuwar azahar.

Ki buɗe masa ƙofar fita. Ki fara janye kalmar kwaɗayi, don magana zarar bunu ce, in ta isa kunnen Adda Iklima ba za ki iya mayar da ita ba. Sannan ku je gidanta tare tun kafin tafiya, shi ya yi bayani da bakinsa: ƙasar ba ta abaya ba ce, jirgi yana da iyakar nauyin kaya, lefe kuma Kantin Kwari ya fi kusa ya fi zaɓi. Gara su ji haushi yau da su zuba ido mako biyu. Tsaraba kuwa kada ki dawo hannu rabbana. Ƙasar cakulan za ki, ki saya a kantin da ke kusa da masaukinku wata yamma bayan darasi, kowa ya samu ya lasa.

Batun yawon, ni mai arahar na zaɓa miki. Na masu hali ya fi daɗi, amma ba daɗi kika je nema ba. Kafin ki biya ki sa su rubuto miki nawa ne kuɗin ƙofa, awa nawa za a yi a cikin kufan, da ƙarfe nawa za a dawo, kuma ki tabbata ba a ranar jirginku zai tashi ba. Ki riƙi ruwa da laima da abincinki, burodi da dafaffen ƙwai da ayaba sun isa. Ku tafi tare da Lois. In an tsaya iyo ki nemi inuwa ki yi sallarki. In an isa, kada ki bi ɗan jagora lungu-lungu kamar sauran. Ki tambaye shi wurin haɗuwa da lokaci, ki miƙe wurin dalar. An hana hawa, amma daga ƙasa ana ganin matakalar. Wadda take ƙirga tsirrai a kadada ba za ta kasa wannan cikin awa biyu ba.

Saura maganar da ta tsaya miki a wuya. Mummunar magana ce, ki gaya masa haka cikin natsuwa, ya nemi afuwarki, kuma kada ki bari ta isa Pantami. Amma a cikin muninta akwai abin da za ki tsinta. Gaskiya ne hoto ba zai amfani Baba ba, shi ma bai ce ki kawo hoto ba. Na tambayi wata da ta taɓa zuwa wurin, ta ce in mutum ya tsaya a gaban matakalar ya tafa hannu, sautin yakan dawo masa kamar kukan tsuntsu. To ki kunna wayarki ki naɗi murya. Ki ƙirga da ƙarfi da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, yadda zai bi ki da yatsunsa. Ki faɗi launin dutsen da zafin ranar da abin da ya tsiro a gefe. Sannan ki tafa masa.

In kin dawo, ki sa Baban Yusra ya kai ki Pantami, ya zauna a tabarmar nan da ake gyara masa, a kunna tare. Kuma duk abin da kika samu ki faɗa, ko casa'in da ɗaya ne ko ba haka ba. Malamin da ya jira shekara talatin a duba masa amsarsa ba zai so a yi masa alfarma a maki ba.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya sanyaya zukatanku ke da maigidanki, ya ƙara wa Malam Hudu lafiya da nisan kwana har ya ji ƙirgarki da kunnensa.

Taku, Anti Mairamu.