Lemon da Na Bar wa Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ciwon bayan Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau. Aikin lambun jami'a ba wuya, sanyi ne dai ke tsattsaga hannu. Famfo kawai nake murɗawa, bishiyoyi su sha su ƙoshi.

Kin ce har yau Inna na jan bokiti zuwa gindin lemon da na dasa. Ni na ce ta riƙa ba shi ruwa kafin in dawo. Yanzu ko famfon nan na taɓa sai in ji kunya.

Don Allah ki ɓoye bokitin, ki ce lemon ya yi saiwa. Amma kada ki gaya mata bana ma ba zan zo ba.

Ƙaninki