Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Demsawo, Jimeta

Ƙanena Chiemela,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama Goretti. Ya zaman Inugu?

Ka san cibiyarmu mai kula da matan da suka gudo daga Madagali. Muryoyinsu da muke naɗa suna cikin kwamfuta ɗaya, kuma mun yi musu alkawari ba wanda zai ji. Faifan ajiya a kulle yake, amma idan tana aiki, abin da ke memori, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, a buɗe yake, mai wayo zai iya kwashewa. Sai na kunna kullen memori a kanel, wato zuciyar manhajar da ke fara tashi. Tun ranar ta ƙi tashi, allo baƙi ƙirin. Shugabanmu ya ce in cire kullen. Na ƙi. Ya ba ni zuwa Juma'a.

Me ka gani?

Addarka,
Hafsah

Inugu

Adda Hafsah,

Ina gaisuwa. Mama ta ce a gaishe ki, wai har yanzu kifin Binuwai take mafarki. Tun bam ɗin kasuwa da ya ci shagon Baba ba ta yarda a yi zancen dawowa.

Kar ki cire komai. Kafin kanel ya farka, akwai ƙaramar manhaja da ke ajiye masa bayanan farko, ita kuma ba ta kulle su. Shi ya ɗauka a kulle suke, ya sa mabuɗi, sai ya karanto shirme, ya tsaya. Ki nuna masa wurin a buɗe yake, ya kwafe, sannan ya kulle. Idan kwamfutar ta ƙi, zan shigo mota in zo. Mama ba ta sani ba.

Naki,
Chiemela

Demsawo

Chiemela,

Gaisuwa. Zauna wurin Mama, kar ka tayar mata da hankali.

Gyaran farko bai ci ba, ashe wuraren biyu ne. Da na gyara na biyun, ranar Alhamis kwamfutar ta tashi. Akwai wata Safiyatu da tun zuwanta ba ta yarda an naɗi muryarta ba. Jiya ta tambaye ni ko da gaske an kulle, na ce har ciki. Ta gyara zama, ta ce in kunna.

Abin da ta faɗa, ko kai ba zan gaya wa ba.

Ka huta lafiya.
Hafsah