Yaya Hadiza, Dambun Alhamis Ya Dawo

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Na san ba za ki karanta wannan ba. Amma bakina ya saba kai miki labari in na tashi aiki, kuma tun da kika rasu bara ban sami wanda zan kai wa ba.

Ɗakin masu ciwon daji yana nan yadda kika bar shi, sai dai ni aka ba kujerarki ta shugabar nas-nas. Ni Rabi, wadda kika tsinta tana kuka a bayan ɗakin magani! Kin tuna? Ranar da Maman Ummi ta cika, matar da na yi watanni ina sa wa ƙarin ruwa. Kika ja hannuna zuwa gindin bishiyar bedi, inda kike ajiye tiren dambunki duk Alhamis, kika zaunar da ni tsakanin Dakta Sani da Baba Ilu mai tura keken marasa lafiya. Nan na ji likita da bakinsa yana cewa shi ma ya kasa cin abinci ranar da mara lafiya ya fara mutuwa a hannunsa. Ban taɓa gaya miki ba, Yaya: na gama yanke shawarar barin ɗakin nan a ranar. A bakin tiren nan na fasa.

Wa ya isa ya zaunar da likita da mai shara da mai ba da magani kan tabarma ɗaya in ba ke ba? Kullum cewa kike, wanda ya ga abin da muke gani dole ya sami inda zai sauke shi kafin ya koma gida.

Bayan rasuwarki dambun ya tsaya. Kowa ya koma cin abincinsa shi kaɗai, aka riƙa faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, har nas biyu suka nemi canjin wuri. Kin san wanda ya dawo da shi? Malam Kabir mai ba da magani, abokin rigimarki! Wata Alhamis sai ga shi da kula ɗaure a bayan babur, matarsa ce ta dafa. Zogalen ya yi yawa, man ya yi kaɗan. Muka cinye tas, ba mai iya ɗaga ido ya kalli wani.

An ɗaura auren 'yarki A'isha a Ƙofar Kaura. Muka riƙa karɓar wa juna aiki don kowa ya samu ya leƙa. Baba Ilu ne ya jera kujeru. Ni na raka ta ɗakinta. Ta riƙe mini gyale ta ƙi saki, sai na zauna bakin gado na yi mata nasihar da na san za ki yi. Ban san ko na faɗa daidai ba, Yaya. Ta dai ce muryarki ta ji.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki. Sai mun zo.

Ƙanwarki ta wurin aiki,
Rabi