Na Ci Nawa a Kicin

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randa a tsakar rana, inuwata lokacin da itatuwa suka kaɗe, uwar 'ya'yana kuma alƙaliyar da ban taɓa yin nasara a gabanta ba,

Gaisuwa daga mijinki da ya gaji tilis. Yau kwana goma sha ɗaya da kika tafi gidan Yaya da sunan hutawa, gidan nan kuwa ya koma rijiyar da aka ɗauke wa guga: ruwa na nan, mai sha babu. Kujerarki ta gefen taga sai hararata take yi, kamar ni na kore ki. Kin san baki da baki ban iya magana ba. Shekara ashirin da shida ina gyara kurakuran mutane a maɗaba'a, in babu biro a hannuna harshena nauyi yake yi. Don haka ki yi haƙuri da takarda.

Kin tuna ranar da takalminki ya zame daga ƙafarki a matakalar kasuwa, kika yi taku biyar ba ki sani ba? Kika yi dariya, kika ce ƙafar ce ta gaji da ke. Na taya ki dariya. Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa: tafin ƙafa kamar tururuwa na yawo a ciki, harshe ya yi sumul yana raɗaɗi, gajiya tun kafin rana ta ɗaga. Ke da ba kya manta ranar haihuwar jikan maƙwabta, sai ga ki tsaye a tsakar ɗaki kina tambaya me kika zo ɗauka. Wayyo tauraruwata, ina kallo haskenki na raguwa kamar fitilar da mai ya ƙare mata!

Ni kuwa, gwanin karatu, sai na kwaso littattafai. Cikin mako guda na yanke hukunci: ciwon nan ne da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, kamar karen da ya ciji ubangidansa. Likitan farko ma ya yi zargin haka, ni kuma na yi ta gyaɗa kai kamar tare muka yi makaranta. Wata takwas muna jigila daga wannan layi zuwa wancan, daga hoto zuwa gwaji. Abin da ban taɓa gaya miki ba, har faɗin ƙofar banɗaki na auna, in ga ko keken marasa lafiya zai shige.

Sai tsohuwar likitar nan mai gilashi a kan hanci. Ko kallon takardun da na yi wa jan layi ba ta yi ba. Ta tambaye ki abin da kike ci, ta tura a gwada jini, sai ga shi bitamin B12 ne ya yi ƙasa ƙwarai. Ta ce rashinsa kan yi shigar wancan babban ciwon har ya ruɗi likita. Ta ce a nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, kuma maganin gyambon cikin da kika daɗe kina sha yana hana jiki tsotsar ɗan abin da ya samu. Magani? Allura. Allura kawai, ya ke kurciyata! Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse, ke kuma kika fito kanki a sunkuye. Ban gane dalili ba sai da muka iso gida.

"Na ci nawa a kicin." Sau dubu nawa kika faɗa mini haka? Tsoka tawa, ƙwai na yara, madara ta baƙi, ke kuma romo da ƙanzo. Ni ina zaune, littafi jingine da kofi, hannu na kai loma, ido na kan shafi. Mutumin da ke gano waƙafin da ya ɓata a shafi na ɗari uku, ya shekara ashirin bai karanta farantin matarsa ba! An ce inuwar giginya na nesa ka sha sanyi. Ke taki inuwar na nesa ya sha, na kusa ya sha, giginyar ce kaɗai ta tsaya a rana.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yaya ta gaya mini allura biyu kika yi kika daina. Ta ce wai 'yar maƙwabciyarmu ce ke yin allurar, kina gudun ta kai labari unguwa, kuma wata a layin asibiti ta ce ai wannan ciwon yunwa ne. Ta ce duk wanda ya zo duba ki, sai ki ce masa babban ciwon ne. Haba uwar 'ya'yana! Kin gwammace ciwon da ba shi da warkewa, don dai kada a ce mijinki ya bar ki da yunwa? Wane irin mutunci ne wannan da za a saya mini da ƙafafunki? Ina zan rataye shi? Likitar nan a gabanki ta faɗa: jijiya in ta daɗe babu abincinta, wani ɓarin ba ya dawowa. Duk makon da kika tsallake, wani abu kike bari a hanya. Na gaji, wallahi na gaji. Na gaji da benci na asibiti, na gaji da wayon kaina, amma gajiyar da ta fi ci mini rai ita ce wannan kariyar da kike mini.

Don haka na riga ki. Jiya na tsaya a ƙofar maƙwabciya na faɗa mata komai, da bakina. Na faɗa wa mai shagon kan kwana. Na faɗa wa abokan aiki. Sannan na kira ƙanwata, wadda kin san ta fi rediyo nisan zango, na ce kada ta gaya wa kowa. Zuwa yanzu ina jin labarin ya wuce inda mota ke zuwa. Sirrin da kike gadi ya fita ta ƙofar gaba, mai shi ne ya buɗe masa.

Na san za ki yi fushi. Ki yi, kina da hakki, kuma na tanadi kunnuwa biyu. Amma ki yi shi a mota, a hanyarmu ta zuwa wajen allura. Ranar Litinin da ƙarfe takwas ina ƙofar Yaya. In kin ƙi fitowa, Talata ma ina nan, Laraba ma haka, har sai Yaya ta gaji da ba ni kujera.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a bar ɗaya,

Mijinki.