Tagar Inna

Zuwa ga Yaya Mancang,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya matarka da yara? Mu nan lafiya, in ka cire Inna.

Tun da ruwa ya tsaga tudunmu aka kwashe mu daga ɗakin kogo zuwa wannan gidan bene, mahaifiyarka ba ta taɓa almakashi ba. Kunun gero ma sai na yi da gaske take kurɓa. Likita ya ce zuciya ce, ni kuwa na ce taga ce.

Ka tuna tagarmu ta katako mai gurbi-gurbi? A jikinta Inna ke ninke jar takarda ta ɗauki awo, ta yanka siffofi da almakashi, kowane gurbi da abin da ake liƙa masa duk sabuwar shekara. Nan kuwa gilashi ne fal guda. Na kawo mata takarda, ta harari tagar ta ce, "Fenglian, wannan ai goshin mai sanƙo ne. Ina zan sa zakara, ina zan sa kifi?" Na yi dariya, na shiga madafa na yi kuka.

Bara ka ce aiki, bana kada ka ce komai. Ka zo bikin sabuwar shekara.

Ƙanwarka,
Fenglian

Yaya Mancang,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji saƙonka, wai "za a gani". To, ga abin da mu muka gani.

Mijina Tiesuo, wanda kake wa kirari da sarkin lalaci, ya koma tsohon gida ya ɓalle tagar ɗungurungum. A bayansa ya hau da ita bene yana nishi, maƙwabta na tsokanarsa, "Malam, ina ka baro sauran gidan?" Muka jingina ta a jikin gilashi.

Inna ta daɗe tana shafa katakon. Ta gano inda ka ɓantare da wuƙa kana yaro, ta zage ka tas. Sai ta ce, "Ke, miƙo almakashin, kin tsaya kamar turmi."

Hannunta ba kamar da ba, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Zakaran bana ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya. Amma ga rumman, ga kifaye, gurbi bayan gurbi ta cike, kuma jiya ta shanye kununta har ta nemi ƙari. Da hantsi, in rana ta bugo, ɗakin ya yi ja wur, sai ka rantse gida muke.

Na ce ta huta, jan ya isa haka. Ta ce, "Bar ni mu ƙoshi da shi bana. Baɗi ba lallai a bar ku ku liƙa ba." Ka san gidan da aka yi rashi ba ya liƙa ja sai bayan shekara uku. Ta faɗa tana murmushi.

Gurbin tsakiya kaɗai ta bari. Na damisa ne, dabbar shekarar haihuwarka. Ta yanka ta, ta sa ƙarƙashin matashi, ta hana ni taɓawa. Wai tun kana hawa kujera don ka kai gurbin, kai kake liƙa ta, kuma ba ta ga dalilin sauya ma'aikaci ba.

Kullum da safe takan dubi gurbin nan, sannan ta dubi ƙofa. Ni na gaji da yi mata ƙarya a kan tikitin jirgin ƙasa.

Ka gaida mutanen gida. Ka zo tun ana liƙa ja.

Ƙanwarka mai jira,
Fenglian