Saƙon Adnan Ya Daina Zuwa

Hamida,

Na wuce asibitin Ƙanƙara neman magani, kin koma barci. Abin shaƙar ƙanenki Adnan, na gaggawar, ya kusa ƙarewa.

Jiya na gano abin da ya tada mashi asmar. Tun da aka ɗauke sabis ɗin waya a nan Ƙetare, saƙon da ke tuna mashi magani ya daina shigowa wayarshi. Shi kuwa ya ɗauka likita ya sallame shi ke nan, ya aje abin shaƙar na kullum, bai gaya ma kowa ba.

Yau ke ce saƙonshi. Ki tsaya kanshi ya shaƙi na kullum ɗin, safe da magariba.

In ƙirjinshi ya soma fito irin na jiya, ki ruga gidan Kawu Mas'ud ya fiddo mashin ya kawo shi asibiti. Kada ki tsaya kirana, ba za ki same ni ba.

Babanku